Na karanta littattafai 31, amma fushina yana nan inda yake

Ɗan Tsakiya ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Akwai tambayar da ta daɗe tana cin raina, jiya kuma aka fama min ita.

Ni akawu ne, don haka ba na yin abu ban rubuta ba. Shekara biyu da suka wuce na samu wani ɗan littafin rubutu mai baƙin bango, duk littafin da na gama sai in shigar da sunansa da ranar da na fara da ranar da na gama. Zuwa daren jiya lamba ta kai 31. Akwai na tarihi, akwai na addini, akwai labaran ƙirƙira, amma waɗanda suka fi yawa su ne na gyaran hali da tsara lokaci. Uku daga ciki kacokan a kan fushi suke da yadda mutum zai danne shi.

To jiya da daddare ina zaune ina karatu, yarona ɗan shekara shida ya shigo a guje ya ture min kofin ruwa a kan shafin. Ban san lokacin da na daka masa tsawa ba, irin tsawar da ta tashi ƙanwarsa daga barci. Ya tsaya cak yana kallona, hannunsa ɗaya riƙe da gefen rigarsa. Uwarsu ta shigo ta ɗauki jaririyar, ta ɗaga littafin yana ɗiga, ta juya bangon ta karanta sunansa, ta ajiye. Sai da ta kai bakin ƙofa ta ce, "Abban yara, wannan shi ne na nawa a kan haƙuri?"

Wallahi da zagina ta yi da ya fi min sauƙi. Na kwana ina tuna ayar nan ta Suratul Jumu'a da ta kawo misalin jaki mai ɗauke da littattafai.

Kullum ina jin mutane suna cewa littafi kaza ya canza musu rayuwa. Ina so wanda abin ya faru da shi da gaske ya faɗa min yadda yake faruwa. A dare ɗaya ne? A hankali ne? Ko dai magana ce kawai da ake yi don a ce wane mai karatu ne? Domin ni dai in hali zanen dutse ne, gara in sani tun yanzu in huta da ɓata idona.

Tsohon Malami ya amsa:

Wa alaikumus salam ɗana. Ka fara gode wa Allah da ya ba ka matar da ke harbi sau ɗaya ta samu. Wasu sai sun yi awa guda suna magana ba su kai inda ta kai da jimla ɗaya ba.

Na yi shekara 34 da alli a hannu kafin in ajiye, kuma na ba yara littattafai fiye da yadda zan iya ƙirgawa. Abin da na lura da shi, littafi ɗaya za ka ba aji guda, yara arba'in su karanta, 39 su amsa tambayoyin jarrabawa su manta, ɗaya kuma ya dawo bayan an tashi ya tsaya a bakin ofis yana murza hula, ya rasa ta inda zai fara. Wannan ɗayan ba lallai ya fi sauran ƙwaƙwalwa ba. Akwai dai abin da ke damunsa tun kafin ya buɗe littafin.

Labarin da aka fi kawowa a wannan magana shi ne na Gandi, jagoran neman 'yancin Indiya. A 1904 yana lauya a Afirka ta Kudu, wani abokinsa ya raka shi tashar jirgin ƙasa ya miƙa masa wani ɗan littafi na John Ruskin, marubucin Ingila, ya ce ya rage hanya da shi daga Johannesburg zuwa Durban. Ya kasa ajiye shi, ya kasa barci a daren. A shekarar nan ya sayi fili kusa da Durban, wurin da ake kira Phoenix, ya kwashe injin buga jaridarsa ya mayar can, aka koma kowa na aiki da hannunsa. Daga baya ya fassara littafin zuwa harshensu na Gujarati. Masu ba da labarin a nan suke tsayawa, su ce kun gani, dare ɗaya. Abin da suke tsallakewa shi ne, shi da kansa ya rubuta cewa abubuwan da ya riga ya yi imani da su a can cikin zuciyarsa ne ya tarar a littafin. Mutumin ya fi shekara goma a ƙasar yana shan wulaƙanci yana juya al'amura a ransa. Itacen ya riga ya bushe, ashana kawai ake jira.

Sai kuma wanda ya fi kusa da matsalarka, Imam Gazali. Babu wanda zai ce bai yi karatu ba, shi ne babban malami a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, ɗalibai ɗaruruwa a gabansa. Ya faɗa da kansa cewa ya karance littattafan masu gyaran zuciya har ya kai ƙarshen abin da karatu zai iya ba mutum, sai ya gane ragowar ba a samun ta sai an ɗanɗana. Ya kwatanta da bambancin da ke tsakanin wanda ya san ma'anar lafiya da wanda ke da lafiyar. Ya yi wata shida yana kai gwauro yana kai mari, har harshensa ya ɗaure ya kasa ba da darasi, sannan a 1095 ya bar kujerar ya nufi Sham.

Ban ce ka bar aikinka ka shiga duniya ba, kada uwar yara ta nemo ni. Ina dai tambayarka: littattafan fushin nan uku, da ka ɗauke su, kana jin zafin fushin naka ne, ko kuwa lamba kake nema a littafinka mai baƙin bango? Domin ina ganin jiya ne karon farko da ka ji zafinsa.

Maman Biyu ta amsa:

Yaya Ɗan Tsakiya, ni abin ya faru da ni, bari in faɗa maka yadda ya kasance, ba ƙari.

Ni nas ce, shekarata goma sha ɗaya a aikin. A shekara ta bakwai na kai wani matsayi da ban ma san na kai ba. Aikina ba a kushe shi, ba na makara, allurata ba ta kumbura, in jijiya ta ɓuya ni ake kira. Amma marasa lafiya sun zame min lambobi. In muna miƙa aiki da safe sai ka ji ina cewa gado na huɗu ya kwana da zazzaɓi, gado na tara ya cire robar ƙarin ruwa, gado na biyu ya dame mu da kira. Kowa haka yake faɗa, ban taɓa jin wani abu ba.

Wata ƙawata ta ba ni aron wani littafi da wani mutum ya rubuta kan watannin da ya yi kwance a asibiti. Ba na wa'azi ba ne, ba ya koyar da komai, labarinsa kawai yake bayarwa. Na tafi da shi dutin dare don kada barci ya ɗauke ni. Wajen ƙarfe uku, ɗakin ya yi tsit sai ƙarar fanka da tarin wani tsoho, na iso wani wuri da yake bayanin yadda ma'aikata biyu suka tsaya a kansa, ɗaya a dama ɗaya a hagu, suna maganar ciwonsa ta saman kansa kamar ba ya wurin. Abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne, shi da ke kwance ba ya ganin fuskokinsu, haɓarsu kawai yake gani da ramukan hancinsu. Ya yi makonni bai ga idon kowa daidai da nasa ba.

Na rufe littafin. Ban yi kuka ba, ba zan yi maka ƙarya ba. Kunya ce ta kama ni, irin wadda ke sa mutum ya waiga ko wani na kallonsa. Domin ƙasa da awa ɗaya kafin nan ni da abokiyar aikina mun yi daidai wannan tsayuwar a kan tsohon nan mai tari.

Da lokacin awon jininsa ya yi, na jawo kujerar mai jinya na zauna kafin in ɗaura masa abin awo. Na duba fayil na ga sunansa, na kira shi da shi, na ce Baba yaya jikin. Ya daɗe yana kallona. Sai ya ce, "'Yata, tun shekaranjiya nake so in tambaya, ruwan nan da ake sa min na mene ne?" Kwana uku ana ɗura wa bawan Allah abu a jijiya, babu wanda ya tsaya tsayin da zai iya tambaya.

Iyakar canjin ke nan, Yaya: kujera. Ban zama wata waliyyiya ba. Ranar da mu biyu ne a kan gado talatin ba na zama, kuma har yau bakina kan suɓuce in ce gado na huɗu. Sai dai yanzu in na faɗa ina jin kaina, da kuwa ba na ji. Kuma ban ƙarasa littafin a lokacin ba, sai bayan wata biyu. Da a littafinka mai baƙin bango ne, da ko lamba bai samu ba.

Sai Na Gani ya amsa:

Ku yi haƙuri in ɗan zuba ruwan sanyi. Malam, da girmanka, amma labarin Gandi labarin wanda ya ci caca ne. Mutum nawa suka karanta littafin nan na Ruskin tun da aka buga shi a 1862? Dubbai. Nawa ne suka je suka kafa gona? Wanda abin ya yi wa aiki shi ake ba da labarinsa, sauran babu mai tambayarsu. In ka tambayi wanda ya yi nasara me ya kai shi, dole ya nemo wani abu mai daɗin faɗa, littafi kuwa ya fi "sa'a na yi" daɗin faɗa.

Sannan kowa na magana kamar duk canjin da littafi ya kawo alheri ne. Ina da aboki, tare muka fara aiki. Ya karanta ɗaya daga cikin littattafan nan da ke cewa albashi bauta ne, mai hankali ba ya yi wa wani aiki. Ya zo ofis idonsa na ƙyalli, ya ja layi a kusan kowane shafi, yana karanto mana a lokacin hutu har muka fara guje masa. Cikin wata uku ya ajiye aiki, ya kwashe abin da ya tara ya zuba a harkar da bai san kanta ba. Bayan shekara ɗaya da rabi ya dawo yana neman a sa masa baki a mayar da shi, an riga an ba wani kujerar. Shi ma littafi ya canza masa rayuwa, ai ba ƙarya. Marubucin kuwa bai san da zamansa ba, kuma ba zai biya wa 'ya'yansa kuɗin makaranta ba.

Game da 31 ɗinka kuma, ɗan'uwa, kada ka zargi kanka da yawa, haka kan ɗan Adam yake. Wani Bajamushe mai suna Hermann Ebbinghaus ya gwada wannan a kan kansa, ya buga sakamakon a 1885. Ya riƙa haddace gaɓoɓin kalmomi marasa ma'ana yana auna abin da ya rage masa bayan wani lokaci. Ya tarar mantuwa ta fi gudu a sa'o'in farko, kafin kwana ɗaya mafi yawa ya zube, sai abin da aka koma aka maimaita ne ke zama. Na san littafi mai ma'ana ya fi gaɓoɓin banza kama zuciya, amma kai da kake gama wannan ka ɗauki wancan washegari, ɗiban ruwa kake da kwando. Gwada ka rufe ido ka faɗi abu uku daga littafi na 12. In ka iya, na janye maganata.

Mai Gyaran Wuta ya amsa:

Sai Na Gani, maganarka ta abokinka gaskiya ce, na ga irinsa. Amma batun caca ban yarda ba. Mai caca zama yake ya jira. Waɗanda ake ba da labarinsu in ka duba ba zama suka yi ba.

Ni ba mai yawan karatu ba ne, aikina waya da mita, amma akwai mutumin da duk mai sana'ata ya kamata ya sani, Michael Faraday. Ɗan maƙeri ne a Landan, an haife shi a 1791, karatunsa na makaranta bai taka kara ya karya ba. Yana shekara 14 aka kai shi koyon ɗinkin littattafai, ya yi shekara bakwai a shagon. Littattafan da ake kawowa a yi musu bango yake buɗewa yana karantawa, a ciki ya ci karo da bayani kan lantarki a wani babban kundin sani. Ga inda nake so ku lura. Yaran shago nawa ne suka ɗinka wannan kundin? Shi da ya karanta sai ya nemo tsofaffin kwalabe da 'yan tarkace ya haɗa na'urar da ke tara wuta, don ya gani da idonsa ko abin da aka rubuta haka yake. A 1812 ya samu shiga laccocin wani masanin sinadarai, Humphry Davy, ya rubuta duk abin da ya ji, ya ɗinke shi ya zama littafi, ya aika wa mutumin yana neman aiki. A 1813 aka ɗauke shi mataimaki a ɗakin gwaji. A 1831 ya gano cewa in ka motsa maganaɗisu a cikin naɗin waya wuta na samuwa. Duk janaretan da ka taɓa ja, a kan wannan yake tafiya.

Haka Malcolm X, ɗan gwagwarmayar baƙar fata a Amurka. An ɗaure shi a 1946 kan fasa gidaje. A kurkuku ya ga ba ya iya rubuta wasiƙa mai kyau, in ya ɗauki littafi kuma kalmomin da bai sani ba sun yi masa yawa. Sai ya nemi ƙamus da takarda da fensir ya fara kwafewa da hannu tun daga shafin farko, yana karanta wa kansa abin da ya kwafa da ƙarfi. In an kashe fitila da daddare sai ya zauna a ƙasa bakin ƙofa yana karatu da hasken da ke shigowa daga baranda, in ya ji tafiyar gandiroba ya koma gado. Ya fito a 1952 wani mutum daban.

Ko gwamnatin Birazil da ta fara rage wa fursunonin gidajen yari na tarayya wa'adi saboda karatu a 2012, kwana huɗu kan kowane littafi, littafi 12 a shekara, wato kwana 48, ba ta yarda mutum ya ce na karanta kawai ba. Sai ya zauna ya rubuta sharhin abin da ya karanta an duba.

Ni abin da na sani a sana'ata, zanen waya na takarda ba ya zama a kaina sai na haɗa shi da hannuna, wani lokacin sai ya ɗan ja ni tukuna. Oga Ɗan Tsakiya, kai sunan littafi da kwanan wata kake rubutawa. Wannan ai rasit ne.

Ɗan Tsakiya ya dawo:

Na gode muku gaba ɗaya. Na yi shiru kwana huɗu ne saboda maganganun sun yi min nauyi, musamman rasit ɗin nan, Allah ya isa tsakanina da kai Mai Gyaran Wuta, har matata sai da na karanta wa ta yi dariya.

Sai Na Gani, na yi gwajinka. Littafi na 12 ko sunansa ban tuna ba sai da na duba. Ba sai ka janye komai ba.

Malam, amsar tambayarka ita ce lamba nake nema. Na fi shekara ina ganin fushina matsalar mutanen da ke ɓata min rai ce, littattafan kuma ina karanta su ne kamar ana ba ni labarin wani.

Littafin da ya jiƙe ya bushe, ya kumbura ya yi kauri biyu, wasu shafukan sun manne. Da nake ɓamɓare su a hankali da bakin rula sai na tarar da wani wuri a baya, shafi na sittin da wani abu, inda na ja layi da jan biro har sau biyu. Wallahi ban tuna na ja ba. Shawara ce ƙarama, cewa in ka yi wa yaro tsawa ba bisa haƙƙi ba, ka koma ka same shi ka faɗa masa ka yi kuskure, da bakinka, kada ka saya masa wani abu a madadin haka. Ni kuwa washegarin abin har na tsaya a hanya na sayo masa ƙwallo.

Shekaranjiya na same shi yana wasa, na tuna kujerar Maman Biyu, na durƙusa har idona ya zo daidai da nasa. Gwiwata ta yi ƙara. Na ce masa tsawar da na yi masa ba daidai ba ce, ya yafe min. Ban taɓa faɗa wa yaro haka ba, kuma ba a taɓa faɗa min ba ina yaro, sai da kalmar ta maƙale min a wuya. Ya dube ni ya ce, "Abba, ruwan ya goge labarin?" Na ce a'a, yana nan. Ya ce to, ya ci gaba da wasansa.

Jiya kuma na sake ɗaga murya a kan takalmi, don kada wani ya ɗauka an gama. Ban shigar da na 32 ba tukuna, na koma shafin farko na wannan mai kumburin.

Maman Biyu, don Allah mene ne sunan littafin nan naki?

Maman Biyu ta amsa:

Yaya, ka tambayi inda ke min ciwo. Na ba wata sabuwar nas aro shekara uku ke nan, ita ma ta ba wata, yanzu an yi wa waccan canjin wurin aiki. Mai littafin ta asali har yau in mun haɗu sai ta tambaye ni. Bari in kira ta in ji cikakken sunan, in ta ɗauka, domin ta san lambata.